Idan Jif Ta Fara Kunna Fitila Da Kanta: Yadda Ake Gane Lalacewar BCM Da Yadda Ake Canza Ta

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar jif a Legas, Ibadan, Onica ko Fatakwal, musamman tokumbon nan da suka haura shekara 15, akwai ranar da mai gyara zai dube shi ya ce "biren bos ne." Wannan kalma ta ci kuɗin mutane da yawa, mu ma ta ci namu. Abin da ba a faɗa maka shi ne, ƙwaƙwalwar da ke cikin mota ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta inji, akwai ta giya, akwai ta birki, akwai ta jakar iska, sannan akwai wadda ake kira BCM, wato ƙwaƙwalwar jikin mota. A kanta zan yi bayani, kamar yadda na koya bayan mun sha wuya.

Jif ɗin Baba ƙirar 2008 ce, daga Amurka aka kawo ta. Da ita muke sammako daga Agege zuwa Kara, da ita muke zirga-zirga zuwa mayankar Oko-Oba, kuma ni ne direban. A tsakiyar damina ta fara wani hali: in ta kwana biyu ba a tayar ba, sai batir ya mutu murus. Muka sayi sabon batir. Bayan sati uku shi ma ya kwanta. Aka ce altaneta ce, muka canza. Wata safiya maigadin layinmu ya ce min cikin dare ya ga fitilar cikin motar ta kama da kanta, ya kuma ji ƙofofi suna kullewa suna buɗewa, har ya fara tunanin ko ba lafiya ba. Na yi dariya na wuce.

Dariyar ta ƙare ne wani dare a kan doguwar gadar nan ta hanyar Legas zuwa Ibadan. Muna dawowa, ana yayyafi, kuɗin shanun mutane na cikin jaka a ƙarƙashin ƙafar Baba. Kawai sai fitilun gaba suka ɗauke gaba ɗaya, waifa kuma ta shiga gudu, na kashe ta ƙi tsayawa. Wanda ya san wurin ya san ba inda ake son tsayawa ba ne da dare. Da hasken wata tirela na lallaɓa har Berger. Baba bai ce uffan ba sai da muka isa gida, sannan ya ce, "Gobe ko dai a gano ciwon motar nan, ko a nemo mata mai saye."

Mece ce BCM, kuma ina take?

A tsofaffin motoci irin su Fijo 504, in ka murɗa makunnin fitila, wuta ce ke bi ta cikin makunnin ta tafi ga ƙwan fitila. A jif ɗin zamani ba haka ba ne. Makunnin saƙo kawai yake aikawa. BCM ce ke karɓar saƙon, ta yanke hukunci, sannan ta saki wuta ta hanyar rile ko wasu ƙananan makunnai da ke kan allon cikinta. Fitilun waje da na ciki, sigina, waifa, hon, makullin ƙofofi, rimot, ƙararrawar ɓarayi, ƙarar da ke tuna maka ka bar fitila a kunne, a wasu motocin har da gilasan ƙofa da tsaron makulli, duk ta hannunta suke bi. Kamar sarkin zango take: ba ita ke da shanun ba, amma ba abin da ke shiga ko fita ba da saninta ba. Tana kuma magana da sauran ƙwaƙwalen ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe su tare, waɗanda ake kira layin CAN.

Sunanta na canjawa daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan na rikita mutane a kasuwa. Nissan da Chevrolet suna ce mata BCM kai tsaye. A Toyota da Lexus za ka ji ana cewa bodi ECU, kuma galibi tana manne da akwatin fiyus na ƙarƙashin dashbod a ɓangaren direba. A Honda sunanta MICU, a cikin akwatin fiyus ɗin ma aka gina ta. Tsofaffin Ford Explorer suna da GEM. Wasu Jeep da Dodge suna da TIPM, ita kuma a ƙarƙashin bonet take. Masu Nissan su lura da abu ɗaya: aikin a rabe yake, BCM na cikin mota tana ba da umarni, amma rile na fitilun gaba da waifa da famfon mai suna cikin wani akwati a ɗakin inji mai suna IPDM. An sha canza ɗaya alhali ɗayan ne ba lafiya.

Alamomin da ke nuna ta, da waɗanda ba sa nunawa

In abu ɗaya ne tak ya daina aiki, misali gilashin ƙofa ɗaya ko hon, da wuya a ce BCM ce. Nemi fiyus, rile, makunni ko motar abin. Alamar BCM ita ce abubuwan da ba su da dangantaka su haukace tare: ka kunna sigina waifa ta motsa, ka cire makulli fitila ta ƙi mutuwa, ƙofofi su riƙa kulle kansu, rimot ya daina ji ko da ka sa masa sabon batir, batirin mota ya riƙa mutuwa cikin dare, ko fitilar tsaro ta riƙa ƙiftawa a dashbod mota ta ƙi tashi. Wata alamar kuma, ciwon ya riƙa zuwa yana tafiya tare da ruwan sama ko bayan wankin mota.

Amma fa ko duk waɗannan sun haɗu, ba a yanke hukunci ba tukuna. Raunin batir, wayar at da ta yi tsatsa, da wayar da ɓera ya ci, kowannensu na iya kawo irin wannan hauka. BCM ba a kama ta da hannu dumu-dumu. Sai an wanke duk sauran waɗanda ake zargi, in ita kaɗai ta rage, sannan a ce ita ce. Mai wayar da muka fara kai wa bai yi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya leƙa, ya ce biren bos ɗin inji ne, ya faɗi kuɗin da ya kai na ɗan maraƙi. Allah ya taimake mu wani direban tirela da ke kawo mana shanu ya haɗa mu da wani rewaya Bayarabe, dattijo, mai aiki da mita da kwamfuta. A gefensa na tsaya kwana biyu, kuma yawancin abin da ke ƙasa daga wurinsa na gani.

Abin da ake fara dubawa

Batir ne farko. Mita ƙarama ta dijital ta isa, kuma ina ba duk mai tsohuwar jif shawara ya ajiye ɗaya a mota. Batir mai cikakken caji, mota a kashe ta huta, yana nuna kusan bolt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12 to ya yi rauni sosai. Lokacin da ake tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, ya zama tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ya haura 15, altaneta na cajin da ya wuce kima, kuma wannan kaɗai na iya ƙona ƙwaƙwalwa. A duba kan batir ma, kada ya zama yana girgiɗi ko ya yi farin gari.

A nan bari in yi wani gargaɗi. Al'adar nan ta zare kan batir inji na aiki, wai don a ga ko altaneta na caji, ta zamanin Fijo ce. A motar da ke da ƙwaƙwale, batir ne ke shanye tsallen wuta. Ka zare shi, wutar ta yi sama, ta faɗa kan allunan. Haka juya wayoyi wajen jona batir da wata mota, haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba. In ka ga yaron gareji ya nufi kan batir da sifana inji na kunne, ka riƙe masa hannu.

Sai fiyus. Ba da ido ake duba shi ba, da mita ko fitilar gwaji ake taɓa ƙananan ƙarafa biyun da ke bayansa, a ga wuta ta shiga ta kuma fita. BCM na shan wuta daga fiyus fiye da ɗaya, wani kullum da wuta, wani sai an murɗa makulli. Ɗaya ya mutu, rabin aikinta ya tsaya. In ka tarar da fiyus da aka naɗe da zaren waya, to ka san an taɓa yin gajeriyar hanya a layin, kuma ba a gyara ba, rufe ta aka yi.

Sai at, wato wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota wadda wuta ke komawa ta cikinta. Galibi za ka same ta da ƙaramin noti a bayan robar da ke gefen ƙafar direba. Dattijon bai yarda da kallo ba. Ya kunna fitilu da waifa, ya sa ƙafar mita ɗaya a kan batir na nagetif, ɗayar a wayar at ta soket ɗin BCM. Abin da ake so a gani bai wuce bolt 0.1 ba, ko kusa da haka. In ya yi yawa, a kwance notin, a goge wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure. Ya ce min motoci da yawa a nan gyaransu ke ƙarewa.

Daga nan sai kayan da aka ƙara wa motar bayan ta baro kamfani: tiraka, ƙararrawa, rediyo mai allo, fitilun ado. Yawanci a wayoyin da ke kusa da BCM ake yanka a jona su, a naɗe da salatif a tura ciki. A cire su na ɗan lokaci a ga ko haukan zai tsaya. A kuma ja robar da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota, domin wayoyin ciki suna karyewa saboda buɗewa da rufewa na shekaru. Mu 'yan kara kuma muna da namu ƙarin: buhun dusa ko gero da ke kwana a but yana kiran ɓera, ɓera kuma ba ya barin waya.

Ruwa

Wannan na ware shi daban domin a Kudu shi ne babban mai laifi, kuma shi ne ya kashe tamu. A Legas ana ruwa tun daga wajen Afrilu har Oktoba, iska kuma a jiƙe take kusan kullum, abin da ya jiƙe a ƙarƙashin kafet ba ya bushewa kamar yadda zai bushe a Kano ko Sakkwato. Ruwa na da hanyoyi sanannu. Jif mai tagar rufi tana da ƙananan tiyo a kusurwoyin tagar, na gaba suna bi ta cikin ginshiƙan gefen gilashin gaba su zubar a ƙasa. In ƙura da ganye suka toshe su, ko tiyon ya zame, ruwan sai ya bi ginshiƙin ya sauka daidai kan akwatin fiyus. Gilashin gaba da aka canza ba a liƙe da kyau ba shi ma haka. Akwai magudanar da ke ƙarƙashin waifa, akwai tiyon zubar da ruwan esi, akwai masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi ko'ina. Sannan akwai ambaliya. Duk ɗan Kara ya san yadda kogin Ogun ke cika wajen ƙarshen damina, kuma ba sau ɗaya ba na ratsa ruwan da ya kusa kai ƙofa ina jin kaina gwani.

Wata motar ma da ciwonta ta zo. Bayan manyan guguwa a Amurka, irin Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017, an yi gwanjon motocin da ruwa ya ci, wasunsu kuma an fitar da su zuwa ƙasashen waje. In za ka sayi tokumbo, ɗaga kafet, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai tabon laka, leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa.

Da dattijon ya sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin direba, soson ciki sharkaf yake, alhali samansa a bushe. Ya zare soket ɗin BCM ya haska min. Haƙoran ciki sun yi kore kamar tsohuwar tukunyar tagulla, biyu ma sun cinye. Ya ce, "Aboki, ka ga ɓarawon batirinka."

Gwajin satar wuta

Duk da haka bai tsaya nan ba, sai da ya auna. Ga yadda ake yi. A kashe komai, a cire makulli. A bar ƙofar direba a buɗe amma a tura harshen makullinta da sukudireba, ko a danne makunnin ƙofar, don mota ta ɗauka a rufe take. A cire kan batir na nagetif, a sa mita a tsakani, an juya ta zuwa awon amfiya a ramin da aka rubuta 10A. Kada a kuskura a murɗa makulli a wannan hali, mitar za ta ƙone. Sai a jira. Ƙwaƙwalen mota ba sa barci nan take, wasu minti 10, wasu sai an kai rabin awa ko fiye. In sun yi barci, abin da motar ke sha bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Tamu ta tsaya a sama da 0.6 ta ƙi sauka, ga kuma rile yana ƙas-ƙas shi kaɗai a ƙarƙashin dashbod.

Daga nan ake zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ke satar. Sai dai a kula: ko da fiyus ɗin BCM ne, ba lallai ita ce ta lalace ba. Wataƙila wani ne ke hana ta barci, kamar makunnin ƙofa ko na but da ke ce mata har yanzu a buɗe yake. Nan ne kwamfuta ke shigowa.

Abin da sikana ke faɗa

A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi. Amma ƙaramar sikanar nan mai araha ƙwaƙwalwar inji kawai take karantawa, lambobin da ke farawa da P. Za ta ce maka ba matsala alhali fitila na kunna kanta. Ana buƙatar babba wadda ke shiga kowace ƙwaƙwalwa. Lambobin jikin mota da B suke farawa, na yankewar magana tsakanin ƙwaƙwale kuma da U. Wadda aka fi sani ita ce U0140, ma'anarta wata ƙwaƙwalwa na cewa ta daina jin BCM. Ka lura, cewa ta yi ta daina ji, ba ta ce BCM ta mutu ba. Fiyus, at, ko layin CAN da ya yanke duk suna kawo wannan lamba.

Layin CAN ɗin ma ana auna shi. A motocin Amurka daga 2008 zuwa sama, yana kan rami na 6 da na 14 na wancan soket. A cire batir, a auna tsakaninsu, a ga kusan om 60. In aka ga 120, layin ya yanke a wani wuri ko wata ƙwaƙwalwa ta fita daga ciki. In ya yi kusa da sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Motocin da suka girmi haka wasunsu da wani tsarin suke aiki, sai an duba zanen wayoyinsu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wannan, kuma shi ne ainihin mai raba gardama. Babbar sikana tana nuna abin da BCM ke gani a lokacin. Ka murɗa makunnin fitila, a allo ka ga ya koma a kunne. Ka buɗe ƙofa, ka ga ta nuna a buɗe. In ka taɓa makunni allo bai canza ba, a bi makunnin da wayarsa tukuna. In allo ya canza, to saƙo ya iso. Sai a ba ta umarni daga sikanar, a ce kunna fitila, a sa mita a haƙorin da wutar ya kamata ta fito. In ta fito amma fitila ba ta kama ba, laifin na gaba ne: rile, waya ko ƙwai. In saƙo ya shiga, wuta da at ɗinta lafiya, amma ba abin da ya fito, ko kuma tana fitar da wuta ba wanda ya tambaye ta, to yanzu kam ita ce. A tamu, allo na nuna makunnin waifa a kashe, ita kuwa tana ta ba waifa wuta.

Gyara ko canji, da yadda ake saye

In tsatsar a soket kawai ta tsaya, wankewa da man goge lantarki da canza haƙoran da suka ci na iya isa. In dalma ce ta tsage ko rile ɗaya ya ƙone a kan allo, masu gyaran allo suna yi. Amma allon da ruwa ya daɗe a kansa, ko an wanke ya tashi, ba na ba shi amana, domin tsatsar tana ci gaba a ƙarƙashin ƙananan kayan. Motar da ke tafiyar dare da kuɗin mutane ba wurin gwaji ba ce.

Za a kuma ba ka shawarar a zagaye ta, a ja waya kai tsaye daga batir zuwa fitila a sa makunni. Don ka isa gida, da fiyus a kan wayar, ba laifi. A matsayin gyara na dindindin kuwa gyaran gangar Auzinawa ne: satar wutar na nan, ga haɗarin gobara. Wanda ya ce a cire tsaron makulli gaba ɗaya kuma, ka tuna wa ka sauƙaƙa wa aiki.

Sabuwa fil tana da tsada, wani lokaci ma sai an yi oda. Yawancinmu tokumbo muke saye, a Ladipo in a Legas ne, a Agodi Gate in a Ibadan ne, ko Mgbuka Obosi ga na yankin Onica. Ka tafi da tsohuwar a hannu, kada ka yi cinikin biri a sama ta waya. Lambar da ke kan takardar jikinta ita ce komai, kuma har haruffa da lambobin ƙarshe sai sun dace, ko kuma a tabbatar maka lambar da ta maye gurbinta ce. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, amma mai tagar rufi da marar ita, ko ta Amurka da ta Dubai, BCM ɗinsu na iya bambanta. Ni nan na yi wannan kuskuren. Na ga akwati iri ɗaya, soket iri ɗaya, farkon lamba iri ɗaya, na biya. Aka ɗaura, rimot da fitilun hazo suka ƙi aiki. Da ban yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida ba, da kuɗin sun tafi. Baba ya ce, "Kai da ke buɗe bakin sa ka ƙirga haƙora, ka kasa ƙirga lamba?" Ka haska cikin soket ɗin wadda za ka saya, ka shinshina ko akwai ƙauri, ka duba ko an taɓa ɓalle murfin. A rubuta maka rasit da kwanakin gwaji.

Kafin ka biya, tambayi mai kwamfutarka ko motarka na buƙatar saiti, kuma ko na'urarsa za ta iya. A yawancin tsofaffin Toyota tsaron makulli a wani wuri daban yake, sau da yawa rimot kawai za a sake yi wa rajista. A Nissan da yawa, sai an yi wa makullai rajista da sabuwar BCM kafin mota ta tashi. Na Chevrolet da GMC galibi sai an shigar musu da lambar chasis mai harafi 17 da bayanin kayan motar. Wasu tokumbon suna kulle da motar da aka ciro su, sai dai a kwafe bayanan tsohuwar a zuba a ciki. Saboda haka kada ka yar da tsohuwar, kuma kada ka bar wa mai shago ita a matsayin ragin kuɗi sai aiki ya kammala.

Ɗaurawa

Aikin hannun ba shi da yawa. A yi shi a inda mai kwamfuta yake, kada ka cire a gida mota ta ƙi tashi ka koma neman janwe. Ka zo da duk makullan motar, domin wanda ba ya nan lokacin rajista yana iya daina aiki. In rediyonka mai neman lambar sirri ne, kamar na Honda da yawa, ka nemo ta tun kafin a cire batir. A sauke gilashin direba, kada ƙofofi su kulle da makulli a ciki. A cire nagetif da sifana mai lamba 10, a jira aƙalla minti 3 saboda jakar iska, kuma duk soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin dashbod nata ne, ba a taɓa shi. A ɗauki hoton soket-soket kafin a zare. Kowanne na da ɗan harshen da ake dannawa, robar ta tsufa, ƙarfi ba ya yi.

Abu biyu dattijon ya yi kafin ya jona sabuwar, kuma su ne suka bambanta shi da sauran. Ya canza haƙoran soket ɗin da suka yi kore, domin tsatsa na yaɗuwa. Sannan ya auna layukan fitila, waifa da makullin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ba wanda ya haɗe da jikin mota. In gajeriyar hanya ce ta ƙona ta farko, ta biyu ma minti ɗaya ya ishe ta, ka ga an sayar da kare an sayi biri.

Lokacin saiti batir ya zama a cike, in da hali a jona masa caja, domin wuta ta faɗi ana tsakiyar zuba bayanai na iya kashe akwatin. Bayan an gama a goge tsofaffin lambobi, a sake karantawa. A gwada komai ɗaya bayan ɗaya: fitila babba da ƙarama, sigina, fitilar birki da ta ribas, waifa a kowane mataki, hon, kowace ƙofa, kowane rimot. Gilasan da ke hawa da kansu wani lokaci sai an sake koya musu, a sauke har ƙasa, a ɗaga har sama a riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu. A maimaita gwajin satar wuta. Tamu ta sauka zuwa 0.03 bayan kamar minti 20.

Ba mu mayar da kafet ba sai da muka bi ruwan. Muka buɗe tagar rufi, na zuba ruwan gora ɗaya a kusurwar hagu ta gaba. Maimakon ya fito ta bayan tayar gaba, sai ga shi yana ɗiga a ƙarƙashin dashbod, daidai inda akwatin yake. Tiyon ya toshe da laka, ya kuma zame daga bakinsa. Muka zura masa igiyar roba mai laushi, ba ƙarfe ba don kada ya huje, muka mayar da shi muka ɗaure. Soson kafet ɗin kwana uku ya yi a rana a kan katangar gidanmu kafin ya bushe. Yanzu duk farkon damina ina zuba gora ɗaya a kowace kusurwa, in durƙusa in ga ta inda ya fito.